Haraji, Gyaɗa da Baitulmali: Nijeriya ta Arewa Tsakanin Yaƙe-yaƙen Duniya Biyu, 1919-1939

Shekaru ashirin ɗin da ke tsakanin ƙarewar Yaƙin Duniya na Ɗaya da tashin na Biyu, su ne Turawan mulki suka riƙa kira zamanin kwanciyar hankali a Nijeriya ta Arewa. Yaƙe-yaƙen cin ƙasa sun wuce, tun daga Satiru a 1906 ba a sake wani babban tawaye a ƙasashen sarakuna ba, jam'iyyun siyasa kuwa ba a kafa su ba tukuna. A cikin waɗannan shekaru ne aka riƙa kafa misali da Arewa ko'ina cikin daular Ingila, har aka kwaikwayi tsarinta na mulki ta hannun sarakuna a Tanganyika da waɗansu ƙasashe. Amma wanda ya ajiye rahotannin siyasa, ya buɗe littattafan kuɗi, zai tarar da labari dabam. Tambayar da ta kamata a yi wa wannan zamani ita ce: wa ya biya kuɗin mulkin, da wane irin kuɗi ya biya, me kuma ya same shi sa'ad da kuɗin ya ɓace daga kasuwa? Amsar tana nuna asalin ƙorafe-ƙorafen da suka fito fili bayan 1945, tana kuma gwada gaskiyar da'awar nan cewa mulki ta hannun sarakuna garkuwa ne ga talaka.

I. Kowace ƙasa ta ciyar da kanta

Tun ƙarni na goma sha tara ƙa'idar Baitulmalin Ingila ita ce kowace ƙasar mallaka ta ɗauki nauyin kanta. Albashin Gwamna da Razdan da Di'o, da kuɗin soja, da fanshon waɗanda suka gama aiki suka koma gida, duka daga cikin ƙasar za su fito. Faransa ma ta kafa wa ƙasashenta irin wannan doka a 1900. Arewa ba ta iya cika wannan sharaɗi ba a shekarunta na fari, domin ba ta da bakin teku, saboda haka ba ta da kuɗin kwastan, sai Landan ta riƙa cika mata giɓi kowace shekara. Kudu kuwa tana da rara, babban kaso daga kuɗin fiton barasa. Wannan yana cikin manyan dalilan da suka sa aka aiko Gwamna Lugga ya gama su wuri ɗaya a 1914.

Bayan haɗewar, kuɗin Gwamnatin Nijeriya ta ƙofa uku ya ke shigowa: kwastan, da jirgin ƙasa, da haraji. Biyun farko suna hawa suna sauka tare da cinikin duniya. Idan kaya sun yi tsada a Libaful, jirgi ya cika, kantuna su yi ciniki, kwastan ta samu. Na ukun ne kaɗai Gwamnati ke iya riƙewa a wuri ɗaya, ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba.

Akwai kuma igiyoyi biyu da suka ɗaure hannun Gwamna. Ta farko ita ce rance. Duk wani babban aiki, kamar hanyar jirgi ko tashar jiragen ruwa, da kuɗin da aka ranto a kasuwar Landan a ke yinsa, ruwan bashin kuwa tsayayye ne, ba ruwansa da damina ko farashi. Ta biyu ita ce Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912. Dokarta ita ce ba a fitar da sule ɗaya a nan sai an ajiye kwatankwacinsa a Landan. Watau kuɗi ba ya shigowa ƙasa sai an sayar da kaya waje, in kuwa cinikin waje ya ragu, kuɗin da ke yawo a hannun mutane ya ragu ke nan, babu mai ikon ƙara shi.

Har wa yau, mutanen Arewa ba su da bakin magana a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan al'amura. Majalisar Dokokin da Gwamna Clifford ya kafa a Ikko a 1922 ba ta yi wa Arewa doka. Gwamna ne ke yi da kansa, haka kuma aka zauna har bayan Yaƙi na Biyu.

II. Tsanin haraji

Turawa ba su ne suka kawo haraji ƙasar Hausa ba. Sun tarar da zakka da kuɗin ƙasa da jangali, da kuɗin rafi a kan masu noman rani, da kuɗin karofi a kan marina. Abin da suka yi, tun daga dokar haraji ta 1906, shi ne suka tattara yawancin waɗannan suka mai da su kuɗi guda, suka bar jangali a kan shanu. A ƙasar Kano an yi amfani da awon gonaki da taki, malaman taki suna zagawa suna aunawa. A yawancin wurare kuwa Di'o ne kan zaga gunduma, ya ƙiyasta dukiyar kowane ƙauye, ya yanka masa kuɗi a dunƙule, dagaci ya raba wa magidanta.

Sauyi biyu ne suka fi nauyi. Na farko, an daina karɓar dami da wuri, sai kuɗin Turawa. Na biyu, harajin ya daina bin amfanin gona. Zakka kaso ce daga abin da aka girbe, in damina ta yi gardama ita ma ta ragu. Harajin da aka rubuta a littafi kuwa, yadda aka yanka shi bara haka za a nema bana, sai fa in Razdan ya nemi sassauci an ba shi.

Kuɗin yana hawa tsani ne. Magidanci ya ba mai unguwa, mai unguwa ya ba dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, wanda Turawa suka fitar daga birni suka zaunar a gundumarsa musamman domin wannan aiki, hakimi kuma ya kai Baitulmali. Shi Baitulmalin En'e a Katsina aka fara gwada shi, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, sa'an nan aka baza shi ko'ina daga 1911. Maimakon sarki da hakimai su ɗebi rabonsu daga abin da suka tara, sai aka yanka wa kowa albashi, saura ya shiga kasafi. Da fari En'e kan riƙe rabin haraji, rabi ya tafi ga Gwamnati. A 1928 aka ɗaga rabon manyan En'e-En'e masu cikakken tsari zuwa kashi 70 cikin 100.

Ba za a hana wa wannan tsari yabonsa ba. Ya rage ɗiban kai-tsaye, ya kawo rasit da littafi, ya horar da ma'aji da malamai 'yan ƙasa, ya kuma bar wani kaso na dukiyar ƙasa a cikin ƙasa. Amma yana da lahani uku. Kaso mafi girma na kasafin ga albashin masu sarauta da ma'aikata ya ke tafiya, abin da ya ragu domin makaranta da asibiti da noma kaɗan ne. Ba a kashe kwabo sai da yardar Razdan, rarar da aka tara kuwa a Landan a ke ajiye ta, a ba da ita rance ga waɗansu ƙasashen daular. Na uku, wanda ya fi muni, darajar hakimi da dagaci a idon Bature ta koma kan abu guda, watau cika haraji a kan lokaci. Wanda ya gaza, rawaninsa yana cikin haɗari. Da haka sarautar da a ke cewa garkuwar talaka ce ta zama ita ce hannun da ke karɓa.

III. Shekarun yalwa

Ina manomi zai sami kuɗin Turawa? Masu masaƙun Mancesta sun sa rai da auduga. Kamfaninsu na B.C.G.A., wanda aka kafa a 1902, ya gina injin gurza a Zariya, aka kuma kawo sabon irin auduga daga baya, wanda ya karɓu a Zazzau da kudancin Katsina da Zamfara. Amma da jirgi ya iso Kano a 1911 aka buɗe shi ga ciniki a 1912, sai manoman Kano suka zaɓi gyaɗa. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da Bature, gyaɗa kuwa ta dace da jigawa, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma abinci ya yanke ana iya cinta. Fataken goro, waɗanda suka riga suka san rance da dillanci da amana, su ne suka shiga ƙauyuka suka tattaro ta. Mafi shahara cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, wanda ya zama mai saye wa Kamfanin Neja a 1918. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1913 wajen tan 19,000 ce. A 1925 ta haura tan 120,000.

Bayan faɗuwar kasuwa ta 1921, wadda ba ta daɗe ba, sai aka sami shekaru bakwai ko takwas na yalwa. A cikinsu da ɗan bayansu ne aka gama hanyar jirgi ta gabas daga Fatakwal zuwa Kaduna, aka kai reshe Jos a 1927, aka kai Ƙauran Namoda a 1929, aka kai Nguru a 1930, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932. An buɗe Kwalejin Katsina a 1922, an kafa wurin binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, an fara koya wa manoma huɗa da shanu a 1928. En'e ta Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta gina asibitin cikin birni, ta kuma kawo ruwan famfo da lantarki da kuɗin Baitulmalinta, aka buɗe a 1931.

Sai dai yalwar tana tafe da abu uku da ba a kula da su ba. Hanyoyin jirgin da bashi aka yi su. Kamfanonin saye kuma suna ta haɗiye juna: kamfanin Lever ya sayi Kamfanin Neja a 1920, a 1929 kuma aka gama shi da babban abokin takararsa aka sami U.A.C., wanda ya riƙe kaso mafi girma na cinikin Afirka ta Yamma. Shi da John Holt da kamfanonin Faransa sukan daidaita bakinsu a kan farashi, sai 'yan kasuwa Kwara da ire-irensu ke ɗan tayar musu da hankali. Na uku shi ne rumbu. Kowace gona da aka ba gyaɗa an rage ta daga gero da dawa. Damina ta gaza a 1926, sai ga yunwa a 1927, wadda mutane suka sa wa suna Mai Buhu saboda hatsin agaji da ya zo cikin buhuna. Ba ta kai Ƙaƙalaba ta 1914 ba, amma ta isa gargaɗi.

IV. Karyewar ciniki

A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe, cikin shekara biyu masifar ta game duniya. Masana'antu suka tsaya, farashin kayan gona ya faɗi ƙasa warwas. A Kano, tan ɗin gyaɗa da a ke saye fiye da fam 10 a ƙarshen shekarun 1920 ya koma ƙasa da fam 3 a kakar 1933 zuwa 1934. Abin da ya ƙara tsananta faɗuwar a nan shi ne nisa. Daga Kano zuwa Ikko wajen mil 700 ne, kuɗin jirgin ƙasa da na jirgin ruwa da ribar kamfani kuwa ba su sauka daidai da farashi ba, domin jirgin ƙasa shi ma bashi ya ke biya. Saboda haka duk abin da aka rasa a Libaful, daga rabon manomi aka cire shi. Bugu da ƙari, Faransa, wadda ke cikin manyan masu sayen gyaɗar Nijeriya, ta sa haraji a kan gyaɗar waje a 1933 domin ta kare ta Senegal, Jamus kuma ta tsuke ƙofarta.

Auduga da fata da ƙirgi da shanu duka suka bi sahu. A Filato abin ya fi gaggawa. Farashin kuza ya karye, sai a 1931 manyan ƙasashe masu haƙarta, watau Malaya da Bolibiya da tsibiran Holanda na gabas da Nijeriya, suka ƙulla yarjejeniyar rage haƙa. Leburori wajen 40,000 da ke aiki a 1928 suka koma wajen 15,000 a 1933. Waɗanda aka sallama, da yawansu 'yan cin rani ne daga Kano da Zazzau da Bauci da Barno, masu zuwa neman kuɗin haraji. Manoman da ke sayar wa barikokin haƙa hatsi da itace su ma suka rasa kasuwa. Waɗansu suka juya ga wankin zinariya a Zamfara da Birnin Gwari da Minna, domin darajarta ta tashi bayan da Ingila ta raba kuɗinta da ma'aunin zinariya a 1931. Abin lura kuma, duk wannan lokaci rabin kuɗin da kamfanonin haƙa ke biyan Gwamnati yana tafiya ga magadan Kamfanin Neja, bisa yarjejeniyar da aka yi sa'ad da aka karɓi mulki daga hannunsa. Ba a fanshi wannan hakki ba sai 1950, da fam miliyan 1.

Darajar kayan da Nijeriya ke fitarwa ta ragu da wajen rabi tsakanin 1929 da 1931, kwastan da jirgi suka bi ta. Bashin ƙasa kuwa ya kai wajen fam miliyan 28, ruwansa da fanshon Turawa ba su san an yi fari ba. Gwamnati ta bi hanyar da aka koya mata: ta dakatar da ayyuka, ta sallami ma'aikata, ta rage albashi, ta ƙara kuɗin fito a kan kayan da a ke shigowa da su, ta kuma mai da rabon manyan En'e-En'e daga kashi 70 zuwa 60. Taimakon da Ingila ta tanada bai taka kara ya karya ba. Dokar raya ƙasashen mallaka ta 1929 ba ta wuce fam miliyan 1 a shekara ba ga daular duka, babban nufinta kuwa shi ne sama wa masana'antun Ingila aiki. A 1934 ma aka ƙayyade yadin Japan mai araha domin a kare na Mancesta, a daidai lokacin da talaka ya fi bukatar tufa mai sauƙin kuɗi.

V. Yadda talaka ya biya

An yi ragin haraji a waɗansu larduna, amma kaɗan ne, kuma a makare. Lissafi mai sauƙi zai nuna nauyin abin. A ɗauka harajin magidanci sule 6 ne. Tan ɗaya laba 2,240 ne. In ana sayen tan fam 10, watau sule 200, laba 67 ta ishe shi biya. In tan ya koma fam 3, watau sule 60, sai ya kai laba 224 kan sikeli kafin ya sami sule shidan nan. A littafin Di'o harajin bai motsa ba, a gona kuwa ya ninka fiye da sau uku.

Wannan ne ya warware abin da ya ɗaure wa waɗansu ma'aikata kai a lokacin. Bisa hankalin kasuwa, in farashi ya faɗi mai kaya ya kan rage. A nan sai aka ga akasi: gyaɗar da aka fitar a 1929 ba ta kai tan 150,000 ba, a 1934 kuwa, shekarar mafi ƙarancin farashi, ta kusa tan 245,000, a 1937 ta haura tan 320,000. Sabuwar hanyar jirgi zuwa Nguru da Ƙauran Namoda ta taimaka, amma babban dalili shi ne mai bashin da ba ya jira. Rahotannin shekara sun lissafa wannan ƙaruwa cikin alamun ci gaba, alhali kuwa rabinta alamar matsi ce.

Wanda gyaɗarsa ba ta kai ba sai ya buɗe rumbu. Da ya ke da kaka a ke karɓar haraji, kowa a lokaci ɗaya ya ke kai hatsi kasuwa, farashi ya faɗi, mai kuɗi ya saya ya ɓoye. Da bazara ko tsakiyar damina manomin nan ya komo ya sayi hatsinsa da tsada, ko ya ci bashin dami ɗaya ya biya biyu. Daga nan sai sayar da akuya da jaki, sai jinginar da gona, sai ƙwadago a gonar wani a lokacin da tasa ke bukatar noma. Fara kuma ta sauka shekara a kan shekara tun daga wajen 1930. Fulani, da jangali a kansu ga shanu ba daraja, suka riƙa ƙaura daga wannan lardi zuwa wancan, ko su ƙetara iyaka kafin lokacin ƙirga. Kuɗi ya yi wuya har aka koma musayar kaya da kaya a kasuwannin ƙauye, a waɗansu wurare wuri ya sake fitowa, 'yan jabu kuma suka sami sana'a.

Matsin kashin dankali ya ke bi. Ikko ta matsa wa Kaduna, Razdan ya matsa wa sarki, sarki ya matsa wa hakimi, hakimi ya tura dogarai ga dagaci. Dagatai da yawa suka ci bashi domin su cika, waɗansu suka taɓa kuɗin bana suka toshe ramin bara, aka tuɓe su ko aka ɗaure su da laifin cin haraji. Ba duka ne azzalumai ba, ba duka ne kuma masu gaskiya ba, amma tsarin bai bar wa na kirki hanyar sassauci ba.

Me ya sa ba a yi tawaye ba? A Gabas, inda aka fara haraji a 1928, jita-jitar za a sa wa mata ita ta tayar da boren matan Aba a ƙarshen 1929, aka harbe mata fiye da 50. A ƙasashen sarakuna haraji tsohon abu ne, mai karɓarsa kuma ɗan gari ne da a ke jin nauyinsa. Saboda haka ƙin ya bi ta ƙarƙashin ƙasa: ɓoye kai ranar ƙirga, da ƙaura, da jinkiri, da kai ƙara. A tsakanin ƙabilun da ba su saba da shi ba, kamar a ƙasar Idoma da duwatsun Filato, an yi ta fito-na-fito da masu karɓa. Littafin Moses Ochonu na 2009 a kan waɗannan shekaru ya nuna cewa shirun da a ke yabo ba shirun yarda ba ne.

VI. Ƙetaren iyaka

Kwatanci da ƙasar Nijar yana da amfani, domin mutane ɗaya ne, damina ɗaya, masu mulki ne suka bambanta. An mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922, aka ɗauke hedkwata daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Ba ta da jirgin ƙasa, ba ta da kuza, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ma ta Kano ta ke fita. Saboda haka kusan dukan nauyin mulki a kan kuɗin kai da na dabbobi ya sauka, ga aikin tilas na kwanaki a kan hanyoyi, ga kuma dokar da ta ba kwamandan ikon ɗaure mutum ko cin tararsa ba tare da shari'a ba. Sarakuna ba su da Baitulmali, 'yan aike ne kawai.

A 1931, bayan fara ta cinye amfanin gona, yunwa ta faɗa wa yammacin ƙasar, dubban mutane suka mutu, dubbai suka gudu, ana kuwa ci gaba da karɓar haraji, har bincike ya sa aka ɗauke gwamnan. Daga baya aka tilasta wa ƙauyuka ajiye hatsi a rumbunan tsimi. A duk tsawon wannan zamani ƙafa kudu ta ke yi, zuwa Sakkwato da Katsina da Kano, waɗansu har Kumasi da Ankara. Wannan shaida ce cewa mulkin Ingilishi ya fi sauƙi. Amma bambancin na nauyi ne, ba na iri ba. A ɓangarorin biyu ƙa'idar ɗaya ce: ƙasa ta ciyar da mulkinta, mai fartanya ya ciyar da ƙasa.

VII. Sauyin ra'ayi

Sir Donald Cameron, wanda ya yi Gwamna daga 1931 zuwa 1935, ya zo da niyyar gyara. Ya ƙi ra'ayin nan da ya yi ƙarfi a Kaduna a zamanin Palmer, na ɗaukar masarautu kamar ƙananan dauloli masu zaman kansu. Ya yi sabuwar dokar En'e da ta kotuna a 1933, ya ƙayyade aikin tilas, ya kuma so sarakuna su ga duniya. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano da Sarkin Gwandu suka ziyarci Ingila. Amma gyaransa na tsarin mulki ne. A kan kuɗi, shi ne ya zartar da tsuke bakin aljihu.

Farashi ya ɗan farfaɗo a 1935 zuwa 1937, ya sake faɗuwa a 1938. A wannan karon sai amo ya tashi daga wurare da yawa. Ma'aikatan tagulla sun yi yaji a Rodeshiya ta Arewa a 1935, tarzoma ta yi ta tashi a tsibiran Indiya ta Yamma, manoman koko na Gwalkwas, watau Ghana ta yau, suka ƙi sayar wa kamfanoni kayansu a 1937 saboda haɗa baki a kan farashi. Babban binciken Lord Hailey a kan Afirka ya fito a 1938. Gwamna Bourdillon, wanda ya gaji Cameron, ya rubuta wa Landan a 1939 yana nuna cewa ƙasa matalauciya ba za ta fita daga talauci da kuɗin aljihunta kaɗai ba. A 1940 Majalisar Ingila ta yi sabuwar doka ta fam miliyan 5 a shekara domin raya ƙasashen mallaka da jin daɗin mutanensu, a 1945 aka ɗaga zuwa fam miliyan 120 cikin shekara goma. Da haka aka binne ƙa'idar ciyar da kai, bayan ta yi aikinta. Kafin kuɗin ya iso ma, yaƙi ya kawo nasa nauyin: Gwamnati ta karɓe sayen gyaɗa, aka kuma yi ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza daga 1942.

Abin da waɗannan shekaru ashirin suka bari a bayyane ya ke. Arewa mai mutane fiye da miliyan 11 bisa ƙidayar 1931 ta shiga Yaƙi na Biyu da babbar makaranta guda, da tattalin arzikin da ya rataya a kan amfanin gona biyu da ma'adini ɗaya, da En'e mai ƙarfi a kan talaka marar ƙarfi gaban Razdan. Da'awar garkuwa ta tabbata ta fuskar ƙasa, domin dokar filaye ta 1910 ta hana a ƙwace gonaki a ba Turawa kamar yadda aka yi a Kenya. Ba ta tabbata ba ta fuskar kuɗi. Yaran da suka ga an kwance akuyar gidansu a 1933 su ne magidantan 1950, shekarar da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, aka kuma kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Haraji da jangali sun zauna a tsakiyar siyasar Arewa tun daga nan har 1979, sa'ad da sababbin gwamnatocin jihohin Kano da Kaduna suka soke su a farkon hawansu.